Ga Masu Komawa Lissafi Bayan Dogon Hutu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu tambayar ta ina za su fara bayan shekaru rabonsu da lissafi, kada ku faɗa wa aljabara (lissafi da haruffa irin su x da y) kai tsaye. Ku fara gwada kanku a kan lambobi irin su 1/2 da 1/3, domin nan ne mantuwa ta fi yin ɓarna.

1/2 + 1/3 ba 2/5 ba ne. Sai an daidaita lambobin ƙasa tukuna: 3/6 + 2/6 = 5/6. Ai 2/5 ma bai kai rabi ba, to yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya ragu? Haka 2 + 3 × 4 amsarsa 14 ce, saboda ninkawa na gaba da tarawa. Mai shakkar wata ƙa'ida ya sa mata lambobi: misali, mai zaton (a + b)² daidai yake da a² + b² zai ga (2 + 3)² 25 ne, 2² + 3² kuwa 13.

Minti 30 kullum ya fi awa 4 ranar hutu. Ku karanta misali, ku rufe littafin, ku warware da hannunku; kallon bidiyo kaɗai yaudara ce. Ku maimaita tambayar bayan kwana 3, sannan bayan mako.

Wanda ya maƙale ya turo hoton aikinsa layi-layi, mu ga inda ya kauce.