Wasiƙa zuwa ga Dogo a Alƙahira

Assalamu alaikum Dogo,

Ya karatu, ya zafin Masar? Shirun ya yi yawa, kuma na san ko shekara za a yi ba kai za ka fara rubutowa ba. Tambaya ɗaya gare ni: ka kalli ƙarshen zangon Doctor Who, shirin nan na talabijin na BBC, kuwa? In ba ka kalla ba ka tsaya nan, don zan fasa maka ƙwai.

Ncuti Gatwa, wanda ya fito a matsayin Dakta, jarumin shirin, ya tafi, mutumina. Ranar 31 ga Mayu, 2025, a ƙarshen "The Reality War", haske ya turnuƙe shi ya rikiɗe kamar yadda Dakta ke yi in za a sauya ɗan wasa, sai ga fuskar Billie Piper tana murmushi. Eh, Rose ɗinka, abokiyar tafiyar Dakta ta 2005, wadda ka taɓa cewa in ba irinta ba ba ka aure. Kar ka damu, ban gaya wa amarya ba. Da sunaye suka fito ma ba a rubuta cewa ita ce Dakta ba, aka bar mu muna ta musu.

Wallahi raina ya ɓaci. Zango biyu kacal ya yi, kowanne fitowa takwas, ban da na Kirsimeti, a ciki ma akwai irin su "73 Yards" da "Lucky Day" da da ƙyar ake ganin sa. Tom Baker ya riƙe matsayin Dakta tun 1974 har 1981. Shi kuwa wannan bawan Allah, haifaffen Ruwanda, ya zo ya wuce ko arangama da Dalek, manyan maƙiyan Dakta, bai yi ba. Kuma ba shi nake zargi ba. Jagoran shirin Russell T Davies ne ya kasa daina waiwaye: ya dawo da tsohon Dakta David Tennant a 2023, ya tono mugun nan Sutekh na 1975, ya kwaso tsofaffin miyagu Rani da Omega, yanzu kuma Rose. Yaron da ya fara kallo bara ina ruwansa da Omega? Na san za ka ce ai shirin da aka faro tun Nuwamban 1963 dole ya ci gadonsa. To, amma da Davies ɗin ya farfaɗo da shi a 2005 bayan an dakatar a 1989, ai kashe mutanen Gallifrey, duniyar su Dakta, ya yi gaba ɗaya don sabon mai kallo ya samu ƙofar shiga.

Af, Ɗan Goggo ya sayi babur, ya ce na haya ne, har yau ba mu ga fasinja a bayansa ba sai 'yar gidan mai shayi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a wannan zangon aka yi fitowar da ta fi burge ni, "The Story & the Engine". Shagon aski a Legas, an tsare mutane ana musu aski suna ba da labari, labaran ne man injin, shagon kuma yana bisa bayan wani ƙaton gizo-gizo. Ina kallo ina jin kamar daren tatsuniya ne a tsakar gida ana cewa ga ta nan ga ta nanku. Inua Ellams ne ya rubuta, kuma a Jos aka haife shi. Ka ga ikon Allah, a Jos ɗin nan ne aka tsinto fitowa tara da suka ɓace na zamanin Dakta na biyu, Patrick Troughton, a 2013, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin, na "The Enemy of the World" da "The Web of Fear". BBC ta goge nata tun da daɗewa, namu mutanen suka ajiye gwangwanayen a kan kanta aka manta da su. Ko bayan wannan tsintuwar sai da 97 suka rage ba a gani ba. Kai da ka yi bautar ƙasa a Filato, rake kawai ka sha ka dawo.

Ni dai ina ganin kuɗin da Disney ta zuba a shirin ba su amfane mu ba. Hoto ya yi kyau, TARDIS, jirgin Dakta, ta zama ƙaton fili fari fat, amma fitowa ta ragu. Haka aka yi wa Torchwood, shirin da ya tsiro daga Doctor Who: "Children of Earth" na 2009 dare biyar a jere, ba wanda ya yi barcin kirki, da kuɗin Amurka suka shigo a "Miracle Day" a 2011 sai labari ya yi ta jan ƙafa har fitowa goma. Class kuwa, wani reshen shirin, fitowa takwas ta yi a 2016 ta mutu, kai kaɗai ka yi mata zaman makoki.

Inna tana tambaya ko za ka zo babbar sallah. In za ka zo, ka taho min da na'urar ajiyata mai shirin Sarah Jane a ciki, ƙannena sun dame ni. Ka gaida amarya, ka ce mata yajin ya ƙare.

Naka,
Gajere