Baƙin Kwamfuta Daban, Baƙin Titin Sakkwato Daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da abokan sana'ata, masu zana wa mutane hoton gida a kwamfuta kafin a aza tubali, wanda kowa ke kira 3D. Maganar a kan launin baƙi ce, kuma kunya ce ta koya mini ita.

Bara na yi wa wani Alhaji zanen gidan da zai gina a Arkilla. Na ɗauko hoton filin da wayata, da jar ƙasarsa da bishiyoyin dogon yaro da motarsa a gefe, na dasa gidan a ciki. Get kuwa na ba shi baƙi ƙirin, haka firam ɗin tagogi. Alhaji ya ga hoto ya ji daɗi. Da aka gama gini, mai walda ya kafa get, aka shafa baƙin fenti mai kyau, hunturu ya shigo. Ya kira ni ya ce, "Malam, wagga ƙofa ba ita munka gani ga hoto ba." Mai fenti ya sha faɗa a banza, alhali laifin yana cikin kwamfutata.

Da na koma na buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta Photoshop na taɓa wurare da ɗan tsinken ɗaukar launi, sai na ga abin da idona ya tsallake. Kwamfuta tana auna ja da kore da shuɗi daga 0 zuwa 255. Get ɗina yana kan 0, 0, 0, wato baƙin da babu haske ko kaɗan a cikinsa. Tayar motar Alhaji, wadda kyamara ta ɗauka a rana ta gaske, ta haura 40. Inuwar ƙarƙashin motar ma ba ta kai sifili ba. Ashe baƙi iri biyu na haɗa a hoto guda, shi ya sa get ɗin ya fito kamar rami da aka yanka da reza.

Babu kayan gini da ke shanye haske duka. Gawayi yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, sabuwar kwalta ma kusan haka. Saboda wannan ne masu ƙera manhajojin zane suke ba da shawarar kada launin fatar abu ya sauka ƙasa da 30 zuwa 50 a ma'aunin sRGB, wato ma'aunin launin da allon kwamfuta ke amfani da shi. Ko Vantablack, wani baƙin shafe na musamman wanda kamfanin Surrey NanoSystems na Ingila ya fito da shi a 2014, mai shanye fiye da kashi 99.9 na haske, bai kai sifili ba. To ina ga fentin kanti a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ƙura kuma take kwanciya a kan komai tun daga Disamba?

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Ma'aunin sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, ba a miƙe yake ba. Lamba 128 tana tsakiya, amma haskenta kusan kashi 22 ne kawai, ba rabi ba. Manhajoji irin su V-Ray da Blender kuwa da haske miƙaƙƙe suke lissafi. Idan ka shigar da hoton dutse ko tayil ba ka gaya wa manhajar cewa sRGB ba ne, baƙinsa zai fito fari-fari kamar an wanke shi da omo. Idan aka yi gyaran sau biyu, sai ya dunƙule, zanen dutsen ya ɓace. Yara da yawa suna ganin haka sai su yi ta ƙara rana ko rage ta, ciwon yana ƙafa suna shafa magani a ka.

Wajen bugawa ma da nasa. Baƙin tawada ɗaya, K100, yakan fito toka-toka a kan babbar bana ta talla, sai an haɗa masa sauran launukan tawadar bugu uku a manhajar CorelDRAW.

Yanzu kafin in miƙa aiki, nakan nemi wuri mafi duhu a hoton fili, in karanta lambarsa, in ɗaga baƙin ginina ya daidaita da shi. Nakan duba ko ya karkata ja, domin ƙasarmu tana jefa wa komai ja-ja. Abin da ke nesa kuma nakan ƙara masa haske, don hazo haka yake yi.

Ina roƙon malaman da ke koyar da zanen gini a manyan makarantunmu na Sakkwato su ware ko darasi biyu ga wannan, su fitar da ɗalibai rana da gutsuren gawayi da tsohuwar taya su ɗauka a hoto su auna da kansu. Alhajin Arkilla dai ya sake fentin get ɗinsa zuwa ruwan ƙasa, kuma ni na biya galan ɗaya daga ciki.

Naku,
Wani mai zanen gine-gine,
Mabera, Sakkwato.