Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Kumasi

Assalamu alaikum, Aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Zariya sai godiya, hunturu ya fara leƙowa.

Maganar yaronka na biyu ce ta hana ni sakat tun da na karanta saƙonka. Ka ce yakan zauna bakin taga ya yi zugum, a kira shi sau uku bai ji ba, har ka fara yi masa tsawa. Don Allah ka sassauta. Ka duba fuskarsa tukuna. In a ɗaure take, abinci ma ba ya ci, to damuwa ce, ka zaunar da shi ka ji. In kuwa ka dafa shi ya yi firgigit yana murmushi, saƙar zuci ce, ni kuma arziki nake ganinta.

Ka san na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai, kuma duk shekara sai na ba ɗalibai labarin Bajamushen nan Kekulé, wanda ya bayyana a 1865 cewa ƙwayoyin kabon shida na sinadarin benzin a zobe suke. A wani taro a birnin Balin na Jamus a 1890, shi da bakinsa ya ce yana gyangyaɗi gaban murhu ne ya ga ƙwayoyin na rawa kamar macizai, sai ɗaya ya kama wutsiyarsa da baki. Amma fa ya riga ya sha wahalar aikin shekara da shekaru. Zuciyar da ba a zuba mata komai ba, ba ta da zaren saƙa.

A 2001 wani masanin ƙwaƙwalwa, Marcus Raichle, da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa akwai sassan ƙwaƙwalwa da ke ƙara himma daidai lokacin da mutum ya zauna ba ya komai. A 2012 kuma, a jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara, an sa ɗalibai lissafo amfanin abubuwa irin su bulo, aka ba su hutun minti 12. Waɗanda suka yi ɗan aiki mai sauƙi a hutun, hankalinsu na yawo, su suka fi dawowa da sababbin amsoshi.

Ni ma na gani. Bara na yi mako biyu ina fama da yadda zan fahimtar da 'yan aji uku zoben benzin ɗin nan, allo ya ƙi, littafi ya ƙi. Ina ban ruwan tumatir bayan gida, ina kallon ruwa na bin kwari, sai na tuna 'yan matan unguwarmu a dandali, hannu cikin hannu. Washegari na fito da yara shida tsakar aji suka riƙe juna. Har jarrabawa ba wanda ya manta.

Abin da ke damuna shi ne waya ta cinye mana irin wannan zaman. A mota, a layin asibiti, kowa kansa a sunkuye. Yaronka yana da abin da tsararsa da yawa suka rasa. Ka saya masa ɗan littafin rubutu, in ya dawo daga tafiyar tasa ka tambaye shi a hankali me ya gano. Ka rubuto mini amsarsa, ina ɗokin ji.

A gaida mutan gida duka.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya