Sanarwa Kan Zaman Tarihin Humboldt Broncos

Assalamu alaikum, ƴan uwa mazauna lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada.

Ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, za mu yi zama ta Zoom kan tarihin Humboldt Broncos, ƙungiyar matasa ƴan wasan hoki na kan ƙanƙara ta garin Humboldt da ke nan Saskatchewan, wadda aka kafa a 1970, ta kuma ci kofin ƙasa na ajinta a 2003 da 2008. Ya kamata yaranmu da ke tasowa a nan su san dalilin da ya sa har yau ake jimamin 6 ga Afrilu, 2018, ranar da tirela ta yi karo da bas ɗin ƙungiyar a hanyar Nipawin, mutum 16 suka rasu.

Don Allah kowa ya tabbatar da halartarsa kafin Alhamis, kuma iyaye su zauna tare da yaransu.

Allah ya sada mu da alheri.