Suna so a cire masa robar a kai shi ƙauye

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana.

Maigidana yana kwance a asibiti da roba a haƙarƙarinsa na dama, mugunya na tsiyaya cikin kwalba a ƙarƙashin gado, amma yayarsa sai bin dangi take yi wai ni na yi masa sammu. Hujjarta warin. Warin kam akwai shi, tun a gida in ya yi tari kakin ɗoyi yake kamar ruɓaɓɓen nama, har yara suka daina shiga ɗakin. Ni ce dai mai wanke tsumman, ita ko sannu sai ta waya.

Af, ban gaya miki ba, yana da farfaɗiya tun kafin aurenmu, a haka na gan shi na ce ina so. Ranar da ta kayar da shi, wannan yayar ce ta ɗura masa rubutu yana sume. Ina cewa a kwantar da shi ta gefe, ta ce ba ni da kunya. Ya sarƙe. Daga nan zazzaɓi ya taso, ga gumin dare, ga rama. Kafso kam mun saya a kemis har mun gaji. An gwada tarin tibi, babu.

Likita ya ce akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a dasashi da ruɓaɓɓen haƙori, ba sa shiri da iskar oksijin. In mutum ya sarƙe yana sume sai su gangara huhu, galibi na dama, su ruɓar da wurin, mugunya ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji. Su ke kawo warin. Ya ce sau da yawa gwaji ba ya kama su, don iska na kashe su a hanya. Da sakamako ya fito ba komai, cewa yayar ta yi, "Kun gani ko? Ba na asibiti ba ne."

Yanzu ta zuga Hajiya, mahaifiyarsa, a cire robar a tafi ƙauye a yi masa hayaƙi. Alhali likita ya ce maganin ma sai ya kai mako 4 zuwa 6, in mugunyar ta daskare kuwa sai tiyata. Ɗan kunnena na sayar, babu wanda ya tambaye ni ina na samo kuɗi.

Anti, in na ƙi yarda na saɓa wa uwar mijina ke nan? Kuma ta yaya zan faɗa wa Hajiya zancen rubutun nan ba a ce na zo raba zumunci ba?