Zuwa ga abokina, kan ciwon Yaya

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso tuntuni. Shirun da ka ji ba na raini ba ne, hankalina ne bai kwanta ba tun da aka kwantar da Yaya a asibiti.

Ƙoda ce. Ka san ya haura shekara 15 yana fama da ciwon suga, ka kuma san halinsa, in dai zai iya tashi ya fita, to a wajensa lafiya ƙalau yake. Ƙafafu suka fara kumbura, ya ce yawan zama ne. Ya riƙa tashi da safe fuska a kumbure, fitsari yana kumfar da ba ta bajewa, ga kasala. Abin da ya fi ba ni tausayi, a 'yan watannin nan sugansa ya yi ta sauka, har ya kira ni cikin murna wai ciwon ya kusa rabuwa da shi. Ashe ba sauƙi ba ne. Likita ya ce ƙoda tana cikin masu kawar da insulin daga jini, idan ta yi rauni sai allurar ta daɗe a jiki tana aiki, suga ya yi ta faɗuwa. Wallahi da na ji haka sai da idona ya ciko.

Na zauna da likitan ya yi mini bayani dalla-dalla, shi ya sa nake rubuto maka, don kai ma ai ciwon nan ne da kai. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan 1, a kullum suna tace ruwan jini wajen lita 180, amma abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita 1 zuwa 2 ba, sauran jiki ya mayar da abinsa. Suga idan ya daɗe yana sama, shi ke cin siraran jijiyoyin jinin matatan nan. Kamar rariya ce da ramukanta suka buɗe: furotin mai suna albumin, wanda ya kamata ya zauna a jini, sai ya fara zurarewa cikin fitsari. A hankali matatan su yi tabo, su mutu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage su ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu, su ma su bi sahu. Hawan jini kuma ya shigo, shi yana ɓata ƙoda, ƙodar da ta ɓaci tana ƙara hawan jinin. Duk wannan yana ɗaukar shekara 10 zuwa 20, kuma babu zafi, babu ciwon baya, babu komai. Kafin kumburi ya bayyana, ɓarna ta yi nisa.

Ƙanwarmu mai karatun likita ta ce ba sabon abu ba ne, tun 1936 wasu likitoci biyu, Paul Kimmelstiel da Clifford Wilson, suka bayyana irin tabon da suga ke yi wa ƙoda. A yau kusan mutum 1 cikin 3 na manya masu ciwon suga yana da ciwon ƙoda, kuma suga ne kan gaba a duniya wajen kai mutane ga wankin ƙoda.

Na san yanzu ka fara murza gemun nan naka guda bakwai kana cewa "ni ai nawa bai yi tsanani ba". Kai da ganin allura ke sa ka tuna kana da uzuri a waje! To kwantar da hankalinka, gwaji ɗaya na fitsari ne. Ka ce a duba maka albumin, ƙasa da 30 shi ne daidai, daga 30 zuwa 300 ƙoda ta fara yoyo, sama da 300 abin ya yi yawa. Na biyun ne na jini, ana auna kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, a fitar da lambar da suke kira eGFR, wadda ke nuna ƙarfin aikin ƙoda. Idan ta tsaya ƙasa da 60 har wata 3, ciwon ƙoda ya tabbata, ƙasa da 15 kuwa ƙoda ta gaza. Mai irin naka, nau'i na 2, ana so ya yi tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara, domin sau da yawa suga ya daɗe a jiki kafin a gane shi. Ka taɓa yi? Ka gaya mini gaskiya.

Af, kafin in manta, sarkin barcin ajinmu ya samu tagwaye, duka mata. Ya kira ni muryarsa a dashe, ya ce tun da suka zo bai runtsa ba. Ya ce in gaya maka har yanzu yana jiran littafinsa. Shi kuma dogon nan an ƙara masa girma, ya zo duba Yaya, ya zauna har dare, Allah ya saka masa da alheri.

Ciwon ƙodar Yaya yana mataki na 4 cikin 5. Ba a fara masa wanki ba tukuna, kuma addu'armu ke nan kada a kai can, don wankin ƙoda yawanci sau 3 ne a mako, kowane zama wajen awa 4. An dakatar masa da maganin suga na metformin saboda ba a ba da shi idan lambar eGFR ta sauka ƙasa da 30, an rage masa insulin. Jininsa ma ya yi ƙasa, ashe ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini. An tura shi a duba ido da zuciya, don ciwon da ya taɓa jijiyoyin ƙoda sau da yawa yakan taɓa na ido ma, kuma masu ciwon ƙoda da yawa zuciya ce ke kayar da su tun kafin a kai ga wanki.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da an gano da wuri akwai abin yi sosai. Abin da ya mutu ba ya dawowa, amma ana iya rage gudun ciwon shekaru masu yawa. A riƙe HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin suga na 'yan watanni, wajen kashi 7, hawan jini ƙasa da 130/80, gishiri kada ya kai giram 5 a rana, a bar taba. Magungunan hawan jini irin su lisinopril ko losartan suna rage yoyon furotin. Akwai kuma sababbin magungunan suga irin su dapagliflozin da empagliflozin, danginsu canagliflozin ne aka yi babban gwaji da shi, sakamakon ya fito a 2019, ya rage haɗarin gazawar ƙoda da mutuwa ta dalilin ƙoda ko zuciya da kusan kashi 30 cikin 100. Ka tambayi likitanka ko sun dace da kai, kada ka saya da kanka. Kuma don Allah ka rabu da diclofenac da ibuprofen ɗin da kake haɗiya saboda gwiwa. Yaya ma shekaru ya yi yana shan su, likita ya ce sun ƙara wa ƙodar nauyi.

Matarsa tana ƙoƙari ƙwarai, yaran ne dai suka yi jugum, musamman autar. Idan ka samu sarari ka kira shi, zai ji daɗi, amma da yamma, da safe jikinsa ba ya sakewa. In ka yi gwajin ka turo mini hoton sakamakon, ƙanwarmu za ta karanta mana.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara. A saka Yaya a addu'a.

Naka har kullum.