Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan tura marasa aiki yin aikin kyauta a Birtaniya

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayar da ka yi mini a shafin ra'ayi na jarida, inda ka ce mene ne laifi idan gwamnatin Birtaniya ta sa wanda take ba kuɗin tallafin rashin aiki ya je ya yi aiki ba albashi, tun da zaman kashe wando ba ya amfanar kowa.

Ba na jayayya da kai a kan muhimmancin aiki. Abin da nake so ka duba shi ne aljihun da ribar wannan gumi take shiga. A ƙarshen 2011 ofishin neman aiki ya tura Cait Reilly, wadda ta karanta ilimin duwatsu a Jami'ar Birmingham, ta yi mako biyu tana shara da jera kaya a kantin Poundland, alhali a lokacin tana aikin sa kai a wani gidan tarihi, fannin da take fatan samun aiki a cikinsa. A wancan lokacin, tallafin ɗan ƙasa da shekara 25 fam 53.45 ne a mako, mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 kuwa fam 6.08 ne a awa. Idan aka raba tallafin a kan awa 30, kowace awa ba ta kai fam biyu ba, kuma daga baitulmali kuɗin suke fitowa, mai kanti bai biya ko sisi ba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. Matuƙar akwai kayan da za a jera a kanti, to akwai gurbin aiki, kuma wanda aka cike gurbin da shi kyauta ya tare wa mai neman albashi hanya.

Don a yi adalci, a ƙarar da Reilly ta kai gwamnati, Kotun Ƙoli a 2013 ta ƙi amincewa cewa wannan aikin tilas ne irin wanda dokar haƙƙin ɗan Adam ta haramta. Sai dai ta tabbatar da hukuncin kotun ɗaukaka ƙara cewa ƙa'idojin shirin sun saɓa wa doka, domin ba su fayyace abin da ake nema daga mutanen da ake barazanar yanke wa tallafi ba. Kafin hukuncin Kotun Ƙolin ma, majalisa ta yi gaggawar kafa dokar da ta waiwayi baya, don kada a mayar wa waɗanda aka yanke wa tallafi kusan fam miliyan 130, abin da har yau nake ganin ya fi shirin kansa muni.

Ka ce aƙalla mutum zai saba da tashi da wuri har ya sami aiki. Binciken da ma'aikatar ayyuka da fansho ta fitar da kanta a 2012, kan shirin da ke tilasta aikin mako huɗu, bai nuna ya ƙara wa mahalarta damar samun aiki ba, kuma a 2015 gwamnatin ta sanar da cewa ba za ta sabunta shi ba.

Wassalam.